Ƙafar Tarago Na Tara

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Yau zan gabatar muku da Babban Likitan Ƙafafun Jirgin Kaya, Sarkin Guduma na Layi Na Huɗu, mutumin da ƙarfe ke raɗa wa asirinsa, wanda jirgi mai tarago arba'in ba ya motsawa sai ya ba shi izini. Wato kawuna ke nan, yayan mahaifiyata. A takardar ofis an rubuta shi "mai duban ƙafa, mataki na biyu". A kwatas ɗin ma'aikata kuwa Mai Guduma ake ce masa, har jikokinsa. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, kuma tunda nake ban taɓa jin ya yabi jirgi ba.

Ni kuwa jirgi ne ya hana ni zama mutum, in ji mahaifiyata. Akwai wata gadar ƙafa da ta ratsa ta saman filin da ake jera taragu. A kanta muke taruwa, mu bakwai ko takwas, kuma mu ne 'yan gada. Babbanmu wani tela ne da muke kira Farfesa, mai littafi goma sha ɗaya cike da lambar kowane kan jirgi da ya taɓa shiga tasharmu, da ranar, da abin da ya jawo. Jirgin fasinja ba ya gabanmu, wannan na masu gaggawa ne. Mu jirgin kaya muke so, mai siminti, mai hatsi, mai tankokin mai, wanda in ya taso sai ka ji gadar tana rawa a tafin ƙafarka. Kawunan jirgin duk mun raɗa musu suna. Akwai Amarya, da ba ta daɗe da zuwa ba, fentinta ko ƙwarzane babu. Akwai Baƙin Sa. Akwai Mai Tari, tsohuwar da sai ta yi kaki sau uku kafin ta yarda ta tashi. Da jirgi ya kunno kai sai mu soma ƙirga da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya, daga kan jirgin har wutsiya, mu ɗauka a waya, mu tura wa irinmu na wasu garuruwa, su ma su turo nasu.

Kawu yana ganinmu daga ƙasa. Ya taɓa ce wa mahaifiyata ɗanta ya rasa abin so a duniya sai abin da ke cinye yatsun mutane. Ni kuma Sarkin Gantali yake kirana, ko a gaban baƙi.

Aikinsa ga yadda yake. In an gama haɗa jirgi, kafin a ba shi hanya, mutum biyu ke bin sa a ƙasa, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Kowa da guduma mai doguwar ƙota, kanta bai fi ƙwan kaza ba. Kowace ƙafa bugu ɗaya. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa kamar ƙararrawa, ta ja sautin har ka kai ta gaba. Wadda ta tsage ba ta amsawa, sai ka ji ɗas, kamar ka bugi ɗanyen itace. Bayan bugun sai ya ɗora bayan hannunsa a kan murfin da ke tsakiyar ƙafar, inda maiko yake, ya ji ko ya yi zafi. In komai lafiya, ya ja layi ɗaya da alli a jikin taragon. In da matsala, ya gicciya layi biyu, ya rataya jan kati, to ko manaja ne ya zo da kansa wannan taragon ba zai bar fili ba. Shekara talatin da ɗaya yana wannan, rana da ruwa. Kuma ba a taɓa samun ƙafar da ta karye a hanya da allin Kawu a jikinta ba. Wannan ita ce kaɗai fariyar da na san shi da ita, ita ma ba da bakinsa yake yi ba, heluman filin, wato shugaban ma'aikatan wurin, shi ke yi masa.

Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga aikin dogo, lebura, yana ɗaukar katakon da ake shimfiɗa layi a kai. A shekararsa ta biyu wani jirgin mai ya sauka daga layi a wata kwana, kusa da wasu gidaje. Ƙafa ɗaya ce ta rabe. Su Kawu aka kwasa a mota aka kai su gyaran wurin, suka yi kwana tara. Bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani ba. Iya, matarsa, ita ta ce min da ya dawo wata guda ba ya iya cin abin da aka gasa. Daga nan ya roƙi wani tsohon mai duban ƙafa ya koya masa aikin. Tsohon ya sa shi shekara guda yana bin sa a baya ba tare da ya taɓa guduma ba, saurare kawai.

Aikin ne ya ba shi ɗaki biyu da tsakar gida a kwatas, taku ɗari daga layi. A nan aka haifi 'ya'yansa mata uku, a nan aka aurar da su. Bangon ɗakin ya tsattsage saboda girgiza, kofuna kuma Iya ba ta ajiye su a bakin kanta, don sukan tako da kansu su faɗo. Ko tukunya za ta saya sai ta tafi da shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ce wannan, ban da waccan. Masu tukwane sun tsane shi. Shi da ya sallami jirage ba adadi, sau biyu kacal ya taɓa hawa jirgi, duka biyun zuwa gaisuwar mutuwa.

Yanzu da nake tunawa, alamun duk suna nan, ni ne dai idona na kan hayaƙin Mai Tari. Rediyonsa ya riƙa ƙara murya shekara bayan shekara, har maƙwabta suka daina kunna nasu. In kana magana bakinka yake kallo. Kuma komai ka faɗa sai ya ce "haka ne". Na mai da abin wasa. Nakan tsaya a bayansa in ce, Kawu, an naɗa akuya heluma, ya ce haka ne. In ce, Kawu, na yanke shawarar auren Baƙin Sa, ya ce haka ne. In yi ta dariya. Na ɗauka raini ne irin wanda ya saba yi min, don tun ina yaro bai taɓa ɗaukar maganata a bakin komai ba. Iya ce kaɗai ba ta dariya. Takan ce in bar mata miji ya huta.

Abin ya faru wata Asabar da safe. 'Yan gada na wani gari sun turo bidiyon mai duban ƙafarsu, wani dogo mai gemu, ana ta yabonsa. Abin ya ci min rai. Na ce wallahi namu ya fi, kuma sai duniya ta gani. Na lallaɓi heluma ya bar ni in shiga fili na minti goma. Jirgin siminti ne a Layi Na Huɗu, Mai Tari a gaba, za a ba shi hanya da sha ɗaya.

Na tarar da Kawu a ɗan ɗakin kwanon da suke ajiye kaya, yana fiƙe alli. Hular kwano na kansa, riga mai ƙyalli na jikinsa, amma safar hannun da ofis ke rabawa tana rataye a ƙusa, sabuwa fil, har ƙura ta hau ta. Nan wayona ya motsa. Na ce ai bidiyon nan zai iya kaiwa ofis, in manya suka gan shi yana aiki ba safar hannu, takardar tuhuma za su aiko masa, kuma ni za a ce na jawo. Heluma ya ce yaron nan yau ya yi magana mai ma'ana, a rubuta ranar. Ya ciro safar da kansa ya miƙa masa, yana cewa yau dai a yi wa kyamara ado.

Kawu ya daɗe yana kallon safar nan. Ya kalli heluma, ya kalle ni.

"Dole ne?" ya ce.

Na ce, "Kawu, minti goma ne. Kai ma ka fito kamar ma'aikaci sau ɗaya a rayuwarka."

Ya sa.

Na bi shi a baya da waya, ina ta surutu irin na masu labarai, ga gwani, ga gwanin gwanaye. Shi ko waiwaye bai yi ba. Bugu, taku huɗu, bugu, alli. Da ya zo taɓa murfi sai ya zame safar rabi, ya taɓa, ya mayar. Da na ɗauki taragu goma sha biyu heluma ya yi min alama lokacina ya cika. Na hau gada, muka ƙirga jirgin yana fita, Mai Tari ta yi kakinta uku. Kafin sha biyu na tura bidiyon ko'ina, da take mai tsawo wanda ba zan maimaita ba.

Ƙarfe ɗaya saura Farfesa ya kira ni, ya ce in zo shago yanzu. Na same shi ya tsayar da keke, wandon wani na rataye a allura. Ya cusa min abin sauraro a kunne, ya mayar da bidiyon baya, ya ce in rufe bakina sau ɗaya in ji. Na ji. Ƙararrawa, ƙararrawa, ƙararrawa. Sai a tarago na tara, ƙafar baya, ɗas. A ƙarƙashin muryata ma abin yake, ina tsakiyar cewa gwanin gwanaye. A hoton kuwa ga Kawu ya ɗaga hannu ya ja layi ɗaya da alli, ya wuce.

Abin da na fara yi, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne na goge bidiyon. Farfesa ya ce aikin banza, mutum sittin sun riga sun sauke, wani tsohon direba a wani gari ma har ya rubuto yana tambaya ko kunnensa ne. Ya buɗe littafinsa ya nuna min: jirgin siminti yakan kai gangaren da ke kafin doguwar gada da misalin biyu da rabi, kuma a ƙarƙashin gadar nan akwai kasuwa. Ya ce ko in je in gaya wa tasha, ko shi ya je. Na roƙe shi ya ba ni minti ashirin.

Na iske Kawu a tsakar gida, ya tashi daga aiki, ƙafafunsa cikin roba da ruwan ɗumi. Iya tana shanya. Ban yi sallama ba. Na tsuguna na kanga masa wayar Farfesa a kunne, na ƙure murya, na ce ya saurari na tara. Ya saurara har ƙarshe. Fuskarsa ba ta canza ba. Na sake mayarwa. Ya karɓi wayar ya juya ta ɗaya kunnen. A nan ne na gane, ina tsugune a gaban robar nan, cewa mutumin da na shekara uku ina gaya wa an naɗa akuya heluma bai ji ko ɗaya ba.

Ya miƙa wa Iya wayar. Ya ce, "Ke me kika ji?"

Iya ta goge hannu a zani, ta saurara sau ɗaya. Matar da aka shekara talatin ana ƙwanƙwasa mata tukwane ba ta buƙatar sau biyu. Ta matso daidai fuskarsa yadda zai ga bakinta.

"Ta mutu, Malam."

Bai tambayi kowa komai ba. Ya karɓi wayar, ya mayar da hoton farko, ya bi taragun da ɗan yatsa yana ƙirgawa, leɓensa na motsi. Sannan ya fitar da ƙafafunsa daga ruwa, ya zura takalmi ba tare da ya goge su ba, ya fita. Na bi shi. Ban taɓa ganin yana gudu ba, ran nan ma bai yi ba, amma sai da na yi sassarfa kafin in kamo shi. A hanya na ce masa za mu iya cewa wani ne ya kira, ba sai an san daga ina ba. Ban sani ba ko ya ji. Ya hau benen masu ba da hanya, inda ban da izinin shiga, ya faɗi lambar jirgin, da taragon, da ɓangaren, ya ce shi ya duba, shi ya ja alli, a tsayar.

An tsayar da shi a wata ƙaramar tasha, saura kilomita goma sha ɗaya ya kai gangaren. Tsagar ta kai tsawon tafin hannu, ta ciki, inda ido ba ya gani. Aka cire taragon, jirgin ya wuce da yamma. Ba wanda ya mutu. Mutanen kasuwar nan har yau ba su san an yi ba.

Ran Litinin aka kira shi ofis, ran Laraba aka tura shi asibitin ma'aikata. Ni na raka shi, ba don ya nema ba. Suka sa shi a wani ɗan akwati mai taga, suka ɗora masa abin sauraro, suka ba shi maɓalli, in ya ji ƙara ya danna. Da farko yana ta dannawa daidai, har na fara murna. Sai ma'aikaciyar ta lura hannunta yake kallo ta tagar. Ta tashi ta juya masa kujera ya fuskanci bango. Na ga tana murɗa abin nan, tana ƙarawa, tana ƙarawa, har ni da ke waje ina jin tsiwar ƙarar. Babban yatsansa yana kan maɓallin, a shirye, yana jira.

Takardar ta fito bayan mako biyu. Ritaya saboda lafiya. An gode masa da ya kai rahoto da kansa, an kuma rubuta cewa ya ɓoye lalura. Gidan kwatas na mai aiki ne, don haka an ba shi wata uku. Heluma ya zo har gida ya zauna, ya sha ruwa ya tafi. Gudumar ma ta ofis ce, sai da aka sa hannu aka karɓa.

Bidiyon kuwa bai mutu ba. Na goge nawa, amma yana yawo da sunayen da wasu suka sa masa. Wanda ya fi tafiya shi ne "Kurma Na Duba Jirgi". Mutum dubu arba'in da wani abu sun kalla. 'Yan gada na wasu garuruwa suna ta taya mu murna, wai masu son jirgi sun ceci rayuka, wai a ba Farfesa lambar yabo. Farfesa, in faɗi gaskiyarsa, bai amsa wa kowa ba, kuma shafin ranar nan a littafinsa lambar Mai Tari ce kawai a kai.

Ranar kwashe kaya ina naɗe katifa, Iya ta jefo min wani abu a cinya. Safar hannun ce. Ta ce in riƙe, ai tawa ce. Na ce ta ofis ce. Ta zauna a kan akwati, ta yi magana a hankali, ko da yake da ta yi ihu ma ba zai ji daga tsakar gida ba.

Ta ce kunnen ya fara tafiya shekara biyar da suka wuce, na hagu tukuna. Da ya ga haka sai ya kankare fentin ƙotar gudumarsa da kwalba, ya goge ta har ta yi santsi. Ya gano cewa lafiyayyar ƙafa ba a kunne kaɗai take amsawa ba, tana dawowa ta cikin itacen, ta yi rawa a tafin hannu har gwiwar hannu. Matacciya kuwa ba ta dawowa. Ya gwada kansa wata shida a kan taragun da aka riga aka rataya wa jan kati, yana rufe ido, bai kuskure ko ɗaya ba. Shekara ukun nan na ƙarshe da hannu yake ji. A cikinsu ya kama tsagaggun ƙafafu goma sha huɗu, abokin aikinsa mai kunne biyu ya kama tara. Shi ya sa ko sanyi ya tsattsaga masa hannu ba ya sa safa, ba ya ma yarda ta shafa masa mai da safe.

Na ce to me ya hana shi ya ƙi sawa ran nan.

Ta ce, "A gaban heluma? Ya ce masa me?"

Na ci gaba da naɗe katifar. Ta ce ba wai tana ɗora min ba ne, shi ma ya san ranar tana zuwa, kuma ya sha cewa in ya kai ƙarshen shekara zai faɗa da bakinsa. Shekara uku yana faɗin haka. Sannan ta ce in ɗaga katifar, mai mota na jira.

Yanzu suna ɗaki ɗaya a gidan mahaifiyata, can ƙarshen gari, inda ko ƙahon jirgi ba ya kaiwa. Kofunan Iya suna zaune inda aka ajiye su. Kawu yakan fito da kujera bakin ƙofa da hantsi. Akwai wani ƙarfen turken rumfa kusa da shi, wani lokaci sai in ga ya ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya dafa tafin hannu a kai, ya jira. Bai taɓa yi min maganar safar ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sarkin Gantalin ma ya daina kirana, sai dai "kai". Na daina hawa gada wata biyu, sannan na koma, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ba na ƙirgawa da ƙarfi.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don in akwai mai neman "Kurma Na Duba Jirgi" ya samu wani abu kuma a gefensa. Jiya na kai masa. Na jawo benci ta ɓangaren kunnen dama, wanda ya rage masa kaɗan, na karanta masa tun daga Babban Likita, da iyakar muryata, har matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wurin safar na tsaya, na ci gaba. Yana ta kallon bakina. Da na gama na ce, Kawu, duniya za ta san ko kai wane ne. Na ce in akwai abin da yake so ya ce min, kowane iri ne, ya faɗa, na shirya.

Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya sa yatsa a kan taken. Ya miƙo min abata.

"Na takwas ne," ya ce. "Kan jirgi ba tarago ba ne. Ba a ƙirgawa da kai."